Shayin "wankin hanta" da ake jingina wa Sinawa

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a shafinku in yi magana kan wani ganyen shayi da ya cika kasuwa da Facebook da WhatsApp. Masu tallarsa suna cewa daga ƙasar Sin yake, wai al'adar Sinawa ce su wanke hanta da shi duk shigowar bazara. Ni ɗan kasuwa ne, na yi shekaru ina zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin saro kaya, kuma abin ya taɓa gidanmu, shi ya sa na kasa yin shiru.

Gaskiya ne Sinawa sun haɗa hanta da bazara tun zamanin da. A maganinsu na gargajiya an kasa abubuwa gida biyar: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa. Hanta da matsarmama suna gidan itace, tare da bazara, da launin kore, da ɗanɗanon tsami, da idanu, da fushi. Sai dai bazararsu ba tamu ba ce. Tasu tana kamawa wajen 4 ga Fabrairu, ranar da suke kira Lichun, lokacin da sanyi ke janyewa, itatuwa suna tofo. Tamu kuwa zafin Maris da Afrilu ne, jiki na neman ruwa ido rufe, kuma jawo wa kai zawo da shayin wankin ciki a irin wannan zafi ganganci ne.

Tsohon littafin likitancinsu, Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara 2,000, ya faɗi abin da ya kamata a yi a watanni ukun bazara: mutum ya yi sammako, ya yi tattaki a tsakar gida, ya sassauta jikinsa, ya saki ransa, wanda ya saɓa wa haka kuwa zai cutar da hantarsa. Na ga wannan da idona. Da asuba za ka tarar da tsofaffi a lambunan Guangzhou suna miƙe gaɓɓai a hankali, kowa da gorar ruwan ɗuminsa a gefe. Babu zancen wankin ciki a wannan nasiha.

Ƙanena ya san yana da ciwon hanta nau'in B ne ranar da ya je ba matarsa jini wajen haihuwa. Aka ce ya dawo a yi masa ƙarin gwaji. Bai koma ba. Wani ya kawo masa shayin nan a kwali mai hoton koren ganye, babu ko layi ɗaya da za mu iya karantawa. Wata uku yana sha safe da yamma. In cikinsa ya ruɗe sai ya ce, "Yaya, dattin ne ke fita." Ranar da na ɗaga fatar idonsa na gan shi kamar gwaiduwar ƙwai, fitsarinsa kamar baƙin shayi, ban saurari kowa ba, na saka shi a mota. Tambayar farko da likita ya yi ita ce, "Me yake sha a gida?" Alhamdu lillahi ya tashi, yanzu ƙwaya ɗaya yake sha kullum, ana duba jininsa lokaci-lokaci.

Ba raina maganin Sinawa nake yi ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga ganyen qinghao ya fito, dangin tazargade, kuma a kansa wata mai bincike 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta sami lambar Nobel a 2015. Amma sai da aka yi shekaru ana gwada shi. Su kansu Sinawa sun san ganye na iya illa: a 2014 hukumarsu ta magunguna ta yi gargaɗi cewa saiwar he shou wu, wadda ake sha don ƙarfafa hanta da baƙanta gashi, tana iya lalata hantar.

Abin da ya fi ceton hantar Sinawa wani abu ne dabam. A 1992 kusan mutum 1 cikin 10 a ƙasar na ɗauke da ƙwayar cutar nau'in B. Suka dage da yi wa jarirai allurar rigakafi tun ranar haihuwa, zuwa 2006 yara 'yan ƙasa da shekara 5 masu ɗauke da ita ba su kai 1 cikin 100 ba. A Qidong, kusa da Shanghai, sankarar hanta ta yi ta kashe magidanta saboda gubar da fumfuna ke bari a masara. Da mutanen suka koma cin shinkafa a shekarun 1980, mace-macen suka ragu sosai. Wannan gubar, aflatoxin, ita ce dai ke kama gyaɗa da masararmu in an zuba su a rumbu ba su gama bushewa ba, kuma dafawa ba ta kashe ta.

Roƙona, Edita, ku tura wakili ya ɗauki kwalin nan ya kai wa hukumar NAFDAC a duba lambar da ke jikinsa, ya kuma tattauna da likitan hanta. Ku riƙa tuna wa iyaye cewa allurar ciwon hanta nau'in B tana cikin rigakafin yara a Najeriya tun 2004, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Mu dai gidanmu duk mun je gwaji, an yi wa waɗanda ba sa ɗauke da cutar allura, ragowar kwalaye huɗu na shayin kuwa na ƙone su a bayan gida.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Fagge, Kano