Zuwa ga Maman 'Yan-biyu, kan allurar nan da ƙibar da ta dame ki

Kano,
daren Laraba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminiyata, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da 'yan-biyuna. Ya Legas, ya haƙuri da ruwan samanku da ba ya ɗaukewa? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Inna tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko yaran sun fara tafiya.

Saƙon muryar da kika turo mini daren Lahadi sau uku na saurare shi. A na ukun ne na ji inda muryarki ta karye, wajen da kika ce ɗinkin sallar bara ya ƙi shiga, kuma wata a gidan biki ta tambaye ki ko wani cikin ne. Na so in kira ki a take, sai na ga maganar ta fi ƙarfin waya. Shi ya sa na zauna bayan na taso daga aiki na rubuta, don ki karanta a natse, ki kuma karanta wa maigida in kin ga dama.

Abu na farko, na yarda da ke. Kin ce da kilo 62 kika fara allurar wata uku, yanzu bayan allura huɗu sikeli ya nuna 71, kuma da kika koka a asibiti aka ce miki ai cin abinci ne, ki rage. Wannan amsar ta ɓata mini rai, domin a ɗakin tazarar haihuwa da nake aiki ma ina jin ana faɗinta, kuma ba ita ce cikakkiyar gaskiya ba. A duk hanyoyin tazarar haihuwa, allurar wata uku ce aka fi samu da hannu a maganar ƙiba. Kamfanin da ke yin Depo-Provera, wato allurar wata ukun nan, da kansa ya rubuta a takardar da ke cikin kwalin cewa matan da suka yi shekara ɗaya a kanta sun ƙara kusan kilo 2.5 a matsakaici, waɗanda suka yi shekara biyu kuma kimanin kilo 3.7. To in mai abu ya faɗa da bakinsa, mu masu tsira allurar ba mu da hujjar musanta wa mace abin da take gani a jikinta.

Yadda abin yake shi ne, sinadarin da ke cikin allurar yana buɗe ciki. Likitoci ma sukan ba masu ciwon daji irinsa da yawa in sun rame sun kasa cin abinci, don ya dawo musu da sha'awar ci. Saboda haka yunwar daren nan da kika ce tana tashinki ki nemi burodi da shayi, ba zari ba ne kuma ba rashin kamun kai ba ne. Mai cewa cin abinci ne ta faɗi rabi, ta bar rabin da ya fi muhimmanci, wato abin da ya kawo yunwar.

Amma ba kowace mace take yi wa haka ba, kuma nan ne nake so ki tsaya da kyau. A garin Galveston na jihar Texas a Amurka an bi wasu mata shekara uku ana auna su, aka fitar da sakamakon a 2009. Masu allurar sun ƙara kimanin kilo 5 a matsakaici, kuma kitse ne ba ruwa ba. Da aka duba ciki sai aka ga kusan mace ɗaya cikin huɗu ce ta kwashi mafi yawan nauyin. Alamarsu kuwa tun da wuri take fitowa: duk wadda ta ƙara fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinta a wata shida na farko, ita ce ke ci gaba da hawa. Sauran ba su canza sosai ba. Shi ya sa za ki ga maƙwabciyarki ta shekara biyar tana allura tana nan kamar sanda, tana rantsuwa ba ta sa ƙiba, ke kuma kina rantsuwa tana sawa, kuma ku duka biyun gaskiyarku.

Don haka ki ɗauko katinki. Kashi 5 cikin 100 na kilo 62 ya kama kilo 3 da ɗan ɗoriya. Ki duba abin da aka rubuta ranar allura ta uku, wato bayan wata shida. In ya wuce 65, to kina cikin waɗanda allurar ba ta karɓe su ba, kuma ni a ganina ba amfanin ki ci gaba da ita ana cewa ki yi haƙuri.

Akwai wani binciken da ya fi shiga raina, saboda a kan matan Afirka aka yi shi. Sunansa ECHO, an yi shi daga 2015 zuwa 2018 a Kenya da Zambiya da Afirka ta Kudu da Eswatini, da mata fiye da 7,800. Ƙuri'a aka yi aka raba su uku, wasu allurar wata uku, wasu ashanar hannu irin mai sanda biyu, wasu robar mahaifa mai jan ƙarfe wadda babu sinadarin homon ko ɗigo a cikinta. Da aka auna su a ƙarshe, masu allura sun ƙara kilo 3.5, masu ashana 2.4, masu roba 1.5. Ki dubi na ƙarshen nan. Matan da ba a sa musu komai a jini ba, su ma sun ƙara kilo ɗaya da rabi. Wato shekaru da zaman gida da abinci suna nasu aikin ko da allura ko babu.

Ke ma ki yi wa kanki wannan lissafin da adalci. Kin fara allurar ne da kwana arba'in da 'yan kai, kina tsakiyar jego. Na san kunun kanwa da farfesun da Gwaggo ta ɗura miki wata biyun da ta yi a wurinku, kuma haƙƙinki ne, mai shayar da biyu dole ta ci. Sai dai a da da ƙafa kike zuwa makarantar da kike koyarwa a Gwale ki dawo, yanzu kina hawa na biyu a Agege, ba tsakar gida, ba inda za ki sai cikin mota. Barci ma rabonki da shi cikakke tun kafin haihuwa, kuma ƙarancin barci shi ma yana ƙara yunwa. Ban faɗi wannan don in wanke allurar ba. Na faɗa ne don kada ki daina ta ki zauna jiran kilo 9 su zube da kansu, in ba su zube ba ranki ya sake ɓaci. Ko bayan an daina, a hankali nauyin yake sauka.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Kin ce allura ta gaba saura sati uku, kuma kin yanke ba za ki je ba, za ki bar wa Allah. Ƙawata, komai na Allah ne, amma ni na tsaya a kanki ranar da aka shiga da ke tiyata. Na ga yadda jininki ya hau, na ga fuskar Inna a bakin ƙofa. Aikin da aka yi miki kusan wata goma sha uku ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar mace ta huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta sake ɗaukar ciki, balle wadda aka yanka, domin ɗinkin mahaifa yana buƙatar lokaci kafin ya iya ɗaukar wani nauyin, in an gaggauta yana iya buɗewa wajen naƙuda. Mu ma a gida iyayenmu ba su taɓa yaba kwanika ba, kuma shekara biyun shayarwa tana nan a cikin Suratul Baƙara. Kada gudun kilo 9 ya jefa ki cikin cikin da zai zo da nasa nauyin da nasa hatsarin, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Na san ana cewa allurar tana daɗewa a jiki, gaskiya ne wasu sukan kai wata goma daga allurar ƙarshe kafin su samu ciki, amma wasu ba sa kaiwa, kuma ba wadda ta san a wane layi take.

Abin da nake roƙonki shi ne ki canza hanya, kada ki saki gaba ɗaya. In da ni ce ke, robar mahaifa mai jan ƙarfe zan sa. Ba ta taɓa nono, ba ta taɓa hawan jini, ba ta da abin da zai buɗe miki ciki, tana kai shekara goma, kuma ranar da kuka shirya sai a cire, ba jira. Ba zan ɓoye miki aibinta ba: jinin al'ada yakan ƙaru, da ciwon mara, musamman a watannin farko, don haka a auna jininki tukuna tunda kin yi ƙarancinsa lokacin ciki. Tsoron da ake yaɗawa cewa tana tafiya ta kai zuciya kuwa, ki watsar da shi. Ashanar hannu ma hanya ce mai kyau, Implanon ta shekara uku ko Jadelle ta shekara biyar, sai dai takan rikita al'ada, ɗigo yau ɗigo gobe, abin da ke damun mata da yawa saboda salla da azumi. Sayana Press ɗin da aka ce miki za ki iya yi wa kanki a gida kuwa, sinadarinta ɗaya da Depo, an dai rage yawansa daga miligiram 150 zuwa 104 ana yi a ƙarƙashin fata, don haka kada ki ɗauka kin canza wani abu a maganar ƙiba.

Kin tambaye ni ƙwaya, kin ce kina jin tsoro don an ce ta fi allura kumbura mace. Wannan sunan tsohon bashi ne take biya. Ƙwayar farko da aka amince da ita a Amurka a 1960 tana ɗauke da sinadarin istirojin ninki da yawa a kan na yanzu, kuma shi ne ke riƙe ruwa a jiki, nono ya cika, ƙafa ta yi nauyi. Na yau kaɗan ne a cikinsu. A 2014 masana sun tattara gwaje-gwaje 49 da aka yi a kan irin wannan ƙwayar, ba su samu shaidar tana sa wata ƙiba ta a zo a gani ba. Abin da wasu ke ji a watannin farko ruwa ne, yakan sauka. Matsalarta a wurinki daban ce: mai hawan jini ba ta dace da ƙwaya mai istirojin ba, haka mai ciwon ɓarin kai irin wanda ke zuwa da walƙiya a ido. Sai an auna jininki an ga ya daidaita sosai kafin a ma fara wannan zancen, kuma kada ki saya a kemis da kanki. Akwai ƙaramar ƙwaya ta masu shayarwa wadda ba ta da istirojin, amma tana son a sha ta a lokaci ɗaya kullum, kuma na san yadda yini yake gudu a hannun mai goyon biyu.

Haka kuma babu wata ƙwayar tazara da ke ramar da mutum, ko me mai talla ya ce. Akwai irin da ke sa fitsari ya ɗan ƙaru, sikeli ya ɗan sauka, amma ruwa ne ya fita, kitsen yana nan.

Shayin rage tumbin da ƙanwar maigida ta kawo miki, don Allah ki ajiye shi. Yawancinsu ganyen sa zawo ne a ciki, irin filasko. Za ki yi ta zarya bayi, ki ji kin yi sakayau, ki ɗauka aiki yake, alhali ruwan jikinki da gishirinsa ne ke tafiya, ga ki da yara biyu a nono. Mai shan ƙwayar tazara ma zawo mai tsanani yana iya hana ƙwayar shiga jiki. Abin yana ba ni tausayi ƙwarai, a sati guda sai in ga mai neman shayin rama da mai neman sha-ka-fashe, har da 'yan matan da ke zuwa su ce a yi musu allurar wata uku don su cika kafin biki. Kowacce wata magana aka yaɓa mata ta kasa barci.

Ranar da za ki koma asibiti ki tafi da katin, ki ce a auna nauyinki da hawan jini, a duba sukari da yawan jini. Ki faɗa musu kai tsaye cewa kin ƙara kilo 9 kuma kina son canji kafin wa'adin allurar ya cika, don kada a samu giɓi a tsakani. In wadda kika tarar ta yi miki gatsali, ki nemi babbarsu, haƙƙinki ne. Ki tafi da maigida in zai samu sarari, na ga yadda ya rikice ranar tiyata, na san zai fahimta.

A gida kuma kada ki takura wa kanki da yunwa kina shayarwa. Ki fara da lemon kwalba da sukarin shayi, su ne ke shiga ba a ji. In yunwar dare ta taso, dafaffen ƙwai ko wake ko gyaɗa kaɗan sun fi burodi riƙe ciki. Bayan la'asar ki goya ɗaya, 'yar aikinki ta ɗauki ɗaya, ku taka ko na rabin awa ne a layinku.

Na sa miki atamfa turmi ɗaya da kuka da daddawa a cikin saƙon da Yaya zai taho da shi ranar Asabar. Ki kai ɗinkin a auna ki yadda kike yanzu, ki sa abinki ki fita. Ki kira ni da zarar kin duba katin, ina son jin abin da aka rubuta a wata na shida.

Ki shafa mini kan 'yan-biyu, ki gaida maigida da kyau.

Wassalam,
taki har kullum,
ƙawarki ta Gwale.