Yadda ake zaɓen gwarzon fim a Oscar

Malam Edita,

Masu ɗaukar kyautar Oscar ta gwarzon fim, wadda ake bayarwa a Amurka, a matsayin hukuncin ƙarshe su duba tsarin ƙuri'ar. Tun 2009, mai zaɓe yana jera finafinan ne daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. In babu fim ɗin da ya haura rabin ƙuri'un zaɓi na ɗaya, sai a cire mai mafi ƙarancin ƙuri'u, a raba ƙuri'unsa bisa zaɓi na biyu, har wani ya haura. Shi ya sa fim ɗin da kowa ya lamunta sama-sama kan kayar da wanda wasu ke so matuƙa, wasu suka tsana. Ga kuɗin kamfe da kamfanoni ke zubawa. Abin mamaki, sai a 2025 aka wajabta wa masu zaɓe kallon duk finafinan da ke takara a kowane rukuni kafin ƙuri'ar ƙarshe.

Naka,
Mai karatu