Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Rabaran Fada Robert Dowd, Shugaban Jami'ar Notre Dame

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan kuɗin da jami'arka ke zubawa a wasanni, da kuma yaran da ake tara kuɗin da guminsu.

Ba na cikin masu cewa jami'ar Katolika ba ta da hurumin shiga gasa. Ƙwallon Amurka ce ta fito da sunan Notre Dame daga wani lungu na jihar Indiyana, inda limaman Holy Cross suka kafa ta a 1842, har duniya ta san da zamanta. Ranar Asabar ɗin wasa mutum sama da 77,000 ke cika filinku. 'Yan wasa kan halarci Mas kafin su fito, kuma daga filin ana hango hoton Yesu a bangon ɗakin karatu na Hesburgh, hannayensa biyu a sama. Tun 1991 tashar NBC ke nuna wasanninku na gida, kuma an daɗe ana ware wani kaso na kuɗin don ɗalibai marasa hali. Wannan abin a yaba ne.

Sai dai zamani ya juya. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasan jami'o'i suka shigar, wanda ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Haƙƙinsu ne, ni ban ga laifinsa ba, don yaron da ake sayar da tikiti saboda shi bai kamata ya tashi hannu rabbana ba. Tambayata ita ce daga wace aljihu kuɗin za su fito. Idan giwaye na faɗa ciyawa ke shan wahala, ciyawar nan kuwa su ne masu tsere, masu ninƙaya, da masu wasan takobi da suka sha ɗauko muku kofin ƙasa ba tare da kyamara ta bi su ba.

Dubi 'yan'uwanku ƙanana. Kwalejin St. Francis ta Brooklyn ta rufe wasanninta baki ɗaya a 2023. Jami'ar Saint Francis ta Pensilbaniya, kwanaki kaɗan bayan ta buga gasar ƙwallon kwando ta ƙasa a Maris 2025, ta sanar cewa za ta sauka zuwa mataki na uku, wato na ƙasa a gasannin jami'o'i. Su ma Katolika ne, ba su da NBC kawai.

Na kan tuna marigayi Dikembe Mutombo. Ya je jami'ar Katolika ta Georgetown daga Kinshasa da niyyar zama likita, ƙwallon kwando ta ɗauke shi, amma bai bar makarantar ba sai da digiri a hannunsa. A 2007 ya buɗe asibiti a garinsu da sunan mahaifiyarsa. Irin wannan yaro ne nake tsoron za a daina renowa, yanzu da ɗan wasa ke sauya makaranta kowace kaka yana bin wanda ya fi tsoka.

Magabacinka, Fada John Jenkins, ya yi gargaɗi a jaridar New York Times a 2023 kan kada wasannin jami'a su koma sana'a zalla. Yanzu kujerar taka ce, kuma makarantar da ta kai wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka na ƙasa a Janairun 2025 idan ta yi magana ana sauraro.

Don haka ina roƙonka ka fito fili ka yi alkawarin cewa ba za a rufe ƙaramin wasa ko ɗaya don a biya 'yan ƙwallo ba, kuma kason marasa hali ba zai ragu ba. Yaron da ya karye a fili kuwa, ko gwiwa ko kai, a riƙe masa karatunsa da magani har ya kammala. Ka sa a riƙa buga lissafin nan duk shekara, yadda iyaye za su karanta da idonsu.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani uba mai bibiyar wasannin jami'o'i