Wasiƙa ga aminina kan kwas ɗin da ya gundure shi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya karatu, ya kuma haƙurin rashin ganin juna? Saƙonka ya iso ni tun makon jiya. Na ƙi amsawa a gurguje ne saboda maganar da ka kawo ba ta layi biyu ba ce. Na yi murna ƙwarai da jin ka koma aji kana karatun kasuwanci bayan shekarun nan, Allah ya ba da sa'a. Amma inda ka ce kwas ɗin gudanar da ayyuka da sarƙar samar da kaya ya gundure ka, wai babu komai a cikinsa sai lissafi da zanen akwatuna da kibiyoyi, har ka yanke shawarar haddace abin da zai fitar da kai jarrabawa ka wuce, a nan ne ban yarda ba. Ka san a wannan fanni nake cin abinci shekara da shekaru, tsakanin sito da masana'anta da teburin sayen kaya. Ba zan iya yin shiru ina kallo ka tsallake kwas ɗin da ya fi kowanne kusa da inda kuɗi ke zurarewa ba.

Ga yadda nake fahimtar abin. Kowace sana'a tana karɓar wani abu, ta sarrafa shi, ta miƙa wa mai buƙata. Abin da ke faruwa a cikin gida, wato tsara aiki da injuna da ma'aikata, shi ne gudanar da ayyuka. Idan ka leƙa waje ka haɗa da wanda ya kawo maka ɗanyen kaya, da wanda ya kawo masa, da mai jigila, da ɗan sari, har zuwa hannun mai saye, ka shiga sarƙar. Kaya suna tafiya gaba, kuɗi suna dawowa baya, labari kuma yana kai da komo. Wannan duk za ka same shi a shafin farko na littafinku. Abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba shi ne: yawancin rayuwar kaya a cikin sarƙar nan jira ne. Ka ɗauki oda guda ka bi ta tun daga lokacin da aka rubuta ta har ta isa. Za ka tarar mintunan da hannu ko inji ya taɓa kayan ba su taka kara sun karya ba. Sauran kwanakin duk a zaune suke, suna jiran sa hannu, suna jiran mota ta cika, suna jiran a gama da na gabansu. Ranar da na fara ganin haka da idona, ranar na fara fahimtar aikina.

Akwai wata ƙa'ida da za a koya muku da sunan John Little, wanda ya tabbatar da ita a 1961. Kada sunan ya ba ka tsoro. Cewa take, yawan aikin da ke cikin tsari daidai yake da yawan abin da ke fita kullum idan an ninka shi da kwanakin da kowane aiki ke yi a ciki. Misali, oda 600 ce ke jibge kan teburanku, kuna kuma kammala 100 a rana. To duk wadda ta shigo yau sai ta yi kamar kwana 6, ko da mai tallanku ya yi wa abokin ciniki alkawarin kwana 2. Hanya biyu ce kawai ta rage kwanakin: ko ku ƙara abin da ke fita, ko ku rage abin da kuke cusawa ciki. Na sha zama a taro inda aka yi awa guda ana musu kan dalilin jinkiri, alhali rabawa ɗaya ta isa ta kashe maganar.

Daga nan sai maganar wurin da aiki ke cushewa, kuma a nan ina da tabo. A wata masana'anta da na yi wa aiki a farkon shigata, ni ne na dage a sayo sabon injin yanka mai sauri. Na kawo lissafi, na nuna zai ninka abin da tsohon ke yi, aka yarda da ni. Injin ya zo, ya yi abin da na ce. Amma kayan da ke fita daga ƙofar masana'antar ba su ƙaru ko da ɗaya ba, domin sashen fenti da busarwa da ke gabansa shi ne mai jan ƙafa, kuma ban taɓa zuwa na tsaya a wurin ba. Abin da na samar shi ne tulin kayan da aka yanka suna jiran fenti, sun cinye fili, wasu har sun fara tsatsa. Na ji ciwon abin sosai, saboda kuɗin mutane ne, kuma ma'aikatan fenti sun san matsalar tun da daɗewa, ba wanda ya tambaye su ne. Idan mataki na ɗaya yana iya 100 a awa, na biyu 60, na uku 90, to masana'antar 60 take yi. Awa ɗaya da ta salwanta a mataki na biyu ta salwanta ga kowa. Gyaran da aka yi a sauran wuraren kuwa ado ne kawai.

Wani abin da ke ba sababbin manajoji mamaki shi ne, ba alheri ba ne kowane inji da kowane ma'aikaci ya kasance cikin aiki ba hutu. Aiki ba ya zuwa a jere kamar sojoji, wani lokaci ya zo a tare, wani lokaci a yi shiru. A mafi sauƙin lissafin layi da za ku yi, idan mai hidima ɗaya yana cikin aiki kashi 80 cikin 100 na lokacinsa, matsakaicin waɗanda ke wurinsa 4 ne. Idan ya kai kashi 90 sai su zama 9, a kashi 95 kuma 19. Ka ga yadda abin ke tashi? Ɗan sararin da ake gani kamar asara shi ne ke haɗiye bazata. Wannan ya shafi asibiti da banki da tashar jirgi kamar yadda ya shafi masana'anta.

Yanzu kayan ajiya. Mai lissafin kuɗi zai rubuta su a matsayin dukiya, kuma daidai ne a takarda. Ni dai idan na shiga sito na ga kwalaye har rufi, jari nake gani yana barci. Ana biya masa haya, ana biya masa gadi da inshora, yana lalacewa, yayinsa yana wucewa, daga ƙarshe ya yi kwantai a karyar da shi. Amma kuma ranar da mai saye ya zo aka ce masa babu, ba lalle ya dawo ba. Tsakanin waɗannan biyun ake rayuwa. Tun a 1913 wani injiniya a Amurka, Ford Harris, ya fitar da lissafin yawan kayan da ya dace a yi oda a lokaci guda, yana auna kuɗin yin oda da kuɗin ajiya. Za a sa ku haddace shi. Abin da nake so ka riƙe daga ciki shi ne, idan cinikinka ya ninka sau 4, odarka sau 2 kawai ya kamata ta ninka. Sai kayan ko-ta-kwana, waɗanda ake ajiyewa saboda hasashe ba ya cika daidai kuma mai kawo kaya yana iya makara. Yawansu ya danganta da yadda buƙata ke hawa da sauka, da kuma tsawon lokacin da kaya ke ɗauka kafin su iso. Shi ya sa sau da yawa mai kawo kaya na kusa, mai cika alkawari, ya fi na nesa mai rahusa sauƙi idan an haɗa lissafi duka. Araha ba ta ado.

Ba za ka gama kwas ɗin nan ba sai ka ji sunan Toyota har ka gaji, kuma sun cancanta. Henry Ford ya riga ya nuna a 1913 cewa idan aiki ya riƙa tafiya zuwa wurin ma'aikaci a kan layi, haɗa gindin mota da ke cin sama da awa 12 zai koma kamar awa ɗaya da rabi. Amma tsarinsa ya fi dacewa da mai ƙera abu iri ɗaya da yawan gaske. Bayan yaƙin duniya na biyu, Toyota ba ta da jarin tara kaya, kasuwar Japan kuma ƙarama ce mai son motoci iri-iri. Wani injiniyan kamfanin, Taiichi Ohno, ya juya tunanin: kada wani sashe ya ƙera komai sai sashen da ke gabansa ya ɗauki wani abu ya aiko da kati yana neman madadinsa, kamar yadda ake cike gurbin abin da aka ɗauka daga kanta a manyan shagunan Amurka. Suna kwatanta kayan ajiya da ruwan kogi, matsaloli kuma da duwatsun da ke ƙasa. Ruwa na da yawa, ba ka ganin dutse. Ka rage ruwan, injin da ke yawan lalacewa da mai kawo kaya marar inganci duk su bayyana, dole a gyara. Abin da ya fi burge ni shi ne igiyar da suka ba kowane ma'aikaci ya ja idan ya ga aibi, ko da hakan zai kai ga tsayar da layi. Kamfanoni da yawa sun kwaikwayi katin, kaɗan ne suka iya ba ƙaramin ma'aikaci wannan amanar.

Sai dai kada a sayar maka da tsarin a matsayin maganin kowace cuta. A watan Fabrairun 1997 gobara ta cinye masana'antar Aisin da ke ƙera wa Toyota wani ƙaramin bawul na birki, kusan ita kaɗai ke yin sa, sai layukan Toyota suka tsaya. Abin da ya cece su shi ne wasu kamfanoni masu hulɗa da su da suka taru suka fara ƙera bawul ɗin cikin 'yan kwanaki. A 2011 girgizar ƙasa a Japan da ambaliya a Tailan sun girgiza masana'antun motoci da na kwamfuta a ƙasashen da ko ɗigon ruwan ba su gani ba. A watan Maris na 2021 jirgin ruwan Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gitta a mashigin Suez na Masar har kwana 6, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko. Ra'ayina shi ne a rage ajiya inda abu ke samuwa ko'ina, a kuma ajiye da gangan inda abu ƙarami ne, mai tushe ɗaya, wanda rashinsa zai tsayar da komai. Mai kawo kaya na biyu kuma tun ana zaman lafiya ake neman sa, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Na bar wanda na fi so zuwa yanzu. Ka san bulala: hannu ya ɗan motsa, bakinta ya yi tsalle mai nisa. Haka oda take yi a cikin sarƙa. Wani malamin jami'a a Amurka, Jay Forrester, ya yi bayanin abin tun wajen 1958, daga baya kamfanin Procter & Gamble ya lura da shi a cinikin kunzugun jarirai na Pampers. Jarirai ba sa canza yawan abin da suke ɓatawa daga mako zuwa mako, amma odar da ke isa masana'anta tana hawa da faɗuwa kamar ba kaya ɗaya ba. Ga yadda abin ke faruwa. Mai shago ya ga ciniki ya ɗan ƙaru, sai ya ƙara oda, ya ɗora wani abu a kai don kada ya yanke. Ɗan sari bai ga masu saye ba, odar mai shago kawai ya gani, sai ya ɗauka kasuwa ta buɗe, shi ma ya ɗora nasa. Kafin labari ya kai masana'anta ya zama gagarumi. Idan kaya suka yi ƙamfa aka fara rabo, kowa sai ya rubuta ninkin abin da yake buƙata don ya sami rabin, masana'anta ta ƙara ma'aikata da injuna, sannan kaya su iso gaba ɗaya, kowa ya soke oda. Rangwamen lokaci-lokaci da jiran mota ta cika kafin a yi oda suna ƙara wa wutar fetur. Abin da ke taɓa ni a nan shi ne babu wanda ya yi wauta a cikinsu. Kowa ya yi abin da hankali zai ba shi daga inda yake tsaye. Maganin shi ne na baya ya riƙa ganin ainihin abin da aka sayar a gaba, a gajarta lokacin isowar kaya, a riƙa oda kaɗan-kaɗan a kai a kai. Manhajar kwamfuta tana taimakawa, amma sai mutane sun yarda su nuna wa juna alƙalumansu na gaskiya, kuma wannan ya fi sayen manhaja wuya nesa ba kusa ba.

Ga roƙona. Kafin jarrabawarku, ka nemi izini a kowace ma'aikata da za ta karɓe ka, ko ɗakin shan magani ne ko wurin buga takardu. Ka zaɓi aiki guda ka bi shi da ƙafarka da agogo da ɗan littafi. Ka rubuta minti nawa aka yi ana aiki a kansa, minti nawa ya yi a ajiye, a gaban wa ya fi daɗewa. Ka tambayi wanda ke wurin me ke hana shi sauri, ka saurare shi har ya gama, abin da ni ban yi ba a sashen fenti. Sannan ka koma ga zanen akwatuna da kibiyoyin nan ka sake duba su. Ka aiko mini da abin da ka samu, alƙaluman da komai, mu zauna a kansu ta waya. Idan lissafin kayan ko-ta-kwana ne ke ba ka wahala, ka turo tambayoyin da aka ba ku, zan warware ɗaya dalla-dalla ka yi sauran.

Ka gaishe mini da uwargida da yara, da duk wanda ya tambaye ni. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka