Wasiƙa daga Damagaram a kan gaskiyar Allah da dalilin da ya sa ake ƙin ta

Damagaram, Jamhuriyar Nijar

Zuwa ga abokina kuma ɗan'uwana cikin Almasihu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ina aiki, ina kuma fama da zafin Kwatano? Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. An gama girbi, hunturu ya shigo da ƙurarsa, 'yan'uwa na majami'a kuma suna tambayar labarinka kowace Lahadi.

Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a natse. Ka ce ka daɗe kana muhawara da ƙanenka ta waya, ka kawo masa ayoyi da hujjoji har ya rasa abin faɗi, sa'an nan ya daina ɗaukar kiranka. Ka tambaye ni, cikin ɓacin rai, yadda mutum zai ga gaskiya ƙiri-ƙiri ya juya mata baya. Tambayar ta fi ƙarfin a amsa ta a gurguje, shi ya sa na zauna na rubuta maka, domin ina ganin kafin mu yi maganar wanda ya ƙi gaskiya, ya kamata mu tuna abin da mu Kirista muke nufi da ita.

A fahimtarmu, gaskiya daga wurin Allah take fitowa, shi ne yake bayyana ta, ɗan Adam kuwa mai karɓa ne kawai. Manzo Bulus ya ce a Romawa 1:19-20 ikon Allah madawwami da Allahntakarsa a fili suke cikin abubuwan da ya halitta, ya ƙara a sura ta 2 cewa lamirin mutum ma shaida ne a kansa, yana zarginsa ko yana wanke shi. Wasiƙar Ibraniyawa ta buɗe da cewa Allah ya yi wa kakanni magana ta bakin annabawa ta hanyoyi iri-iri, a ƙarshen zamani kuma ya yi mana magana ta wurin Ɗansa. A nan ne bangaskiyarmu ta ɗauki nata salo, domin a Yahaya 14:6 Yesu ya ce shi ne hanya, shi ne gaskiya, shi ne kuma rai. Ashe ke nan gaskiyar da muke magana a kanta rayayyiya ce, tana da ido tana duban mai dubanta. Ana iya haddace karatu a ajiye shi a ka ba tare da ya taɓa halin mutum ba, amma wanda ya tsaya gaban Almasihu sai ya ji ana tambayarsa game da kuɗinsa da matarsa da abin da yake yi idan ba mai ganinsa.

Ka sake karanta labarin Bilatus a Yahaya sura 18 da 19. Gwamnan Roma ne a Yahudiya, mutum mai wayo wanda ya saba sauraron ƙara. Yesu ya ce masa ya zo duniya ne domin ya shaidi gaskiya, sai Bilatus ya ce, mece ce gaskiya, ya tashi ya fita bai jira amsa ba. Sau uku yana faɗa wa taron cewa bai sami laifi ga mutumin nan ba. Hujja ba ta ƙarance shi ba, shi da bakinsa ya yanke hukuncin daidai. Abin da ya karya shi maganar da aka jefa masa ce a 19:12, cewa in ya saki Yesu shi ba abokin Kaisar, sarkin Roma, ba ne. Da ya auna gaskiyar da ya riga ya gani da kujerar da yake kai, sai ya zaɓi kujerar.

Bisharar Yahaya ta faɗi dalilin ba tare da kwana-kwana ba a 3:19-20: haske ya shigo duniya, amma mutane suka fi son duhu domin ayyukansu mugaye ne, mai yin mugunta kuwa ba ya zuwa wurin haske don kada a tona ayyukansa. Agustin, wanda aka haifa a shekara ta 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya kuma zama bishop na Hippo har rasuwarsa a 430, ya yi dogon tunani a kan wannan. Ya lura cewa ya ga mutane da yawa masu son su ruɗi wasu, amma bai ga mai son a ruɗe shi ba, saboda haka kowa yana son gaskiya sa'ad da take haskaka masa, yana ƙin ta sa'ad da ta tona shi. Kai da ka tashi a garin nan ka san misalin wannan a Kasuwar Dole. Akwai mai awon hatsi da yake da tiya biyu: ɗaya cikakkiya wadda yake saye da ita daga hannun mutanen ƙauye, har yana danna hatsin da tafin hannu yana ƙara tsororuwa, ɗaya kuma an ɗan buga gindinta ya shige ciki, da ita yake sayarwa. Wannan mutum ya fi kowa sanin ma'aunin ƙwarai, yana ma son sa da safe in zai saya. Ranar da aka zo da tiyar ƙwarai aka ajiye kusa da tasa a gaban jama'a, a ranar ce zai tsane ta, ya tsani wanda ya kawo ta. Hausawa da suka ce gaskiya ɗaci gare ta sun san inda ɗacin yake.

Sai dai ina roƙonka kada ka ɗauki ayar nan ka liƙa wa ƙanenka ita kai tsaye. Na san yaron tun yana ƙarami, mutum ne mai riƙon amana, ba shi da abin ɓoyewa fiye da ni ko kai. Akwai wani dalili da Littafi Mai Tsarki ya ambata wanda nake ganin ya fi kusa da halin da yake ciki. A Yahaya 12:42-43 an ce da yawa daga cikin shugabanni sun gaskata da Yesu, amma ba su bayyana ba don gudun kada a fitar da su daga majami'ar Yahudawa, gama sun fi son yabon mutane da yabon Allah. Mu a Nijar ba mu kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, a Damagaram kuwa ka san yadda lissafin yake. Wanda ya ce zai bi Almasihu a nan sai ya yi tunanin matarsa, ko iyayenta za su bar ta a gidansa, da gadon mahaifinsa, da masu sayen kaya a shagonsa, da wanda zai aure 'yarsa, da inda za a binne shi da waɗanda za su ɗauki gawarsa. Sama da duka akwai fuskar mahaifiyarku. Kai ka biya wannan farashi, na shaida, na ga yadda aka daina kiranka suna da biki, amma daga baya aiki ya kai ka bakin teku inda ba mai tambayarka inda ka je ranar Lahadi. Shi yana nan tsakiyar unguwa, kowace asuba maƙwabta suna ganin ko ya fito masallaci. Shirun da ya yi maka yana iya zama shirun mutumin da ya ji nauyin magana ya kuma ga abin da za ta ci masa.

Akwai kuma masu ƙi da zuciya ɗaya, wannan ma dole mu faɗe shi domin mu masu da'awar gaskiya ne. Musulmin kirki yana girmama Annabi Isa, ya yarda budurwa Maryamu ce ta haife shi, yana kiransa Almasihu. Amma tun yana riƙe da allo aka koya masa cewa Allah bai haifa ba kuma ba a haife shi ba, an koya masa cewa ba a gicciye Isa ba, an kuma koya masa cewa shirka ce zunubin da ya fi kowane girma. In ka ce masa Ɗan Allah ya mutu a kan gicciye, abin da yake ji a ransa shi ne an taɓa ɗaukakar Allah, yana kuma ja da baya ne don tsoron Allah gwargwadon yadda ya san shi. Ni na gaskata cewa a kan gicciyen nan ne ɗaukakar Allah ta fi bayyana, a kan haka nake rayuwa, a kan haka kuma nake fatan mutuwa. Amma Bulus da kansa ya ce a 1 Korintiyawa 1:23 Almasihu gicciyayye abin tuntuɓe ne ga Yahudawa, wauta ne kuma ga al'ummai. Tun farko maganar tana da wuyar haɗiya, bai kamata mu yi mamaki ba in ta tsaya wa wani a maƙogwaro.

Tarihin garinmu ma ya ƙara wa abin nauyi. Sojojin Faransa sun ci Damagaram da yaƙi a Tirmini a 1899, suka kashe Sarki Amadu Kuren Daga, daga baya garin ya zama hedikwatar mulkinsu har aka mai da ita Yamai a 1926. 'Yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) sun buɗe tasharsu ta farko a ƙasar nan a Damagaram a 1924, wato a ƙarƙashin wannan mulki. Ko da yake ba Faransawa ba ne, hukumar ma ba ta sake jiki da su ba, a idon talaka Bature Bature ne, addinin da ya zo da shi kuma na masu bindiga ne. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, asibitin Galmi yana jinyar mutane tun 1950 ba tare da tambayar addininsu ba, duk da haka har gobe akwai dattijon da yake ganin wanda ya zama Kirista ya bar danginsa ya bi baƙi. Ba hujja yake ƙi ba, domin bai ma kai ga sauraronta ba.

Na san abin da ya faru ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 yana nan a ranka, lokacin da zanga-zanga a kan zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe aka ƙone majami'u a garin nan, washegari kuma a Yamai, aka rasa rayuka, iyalai da yawa suka kwana a barikin soja. Ni ma ban manta ba. Amma wanda ya buɗe mana ƙofa a ranar ya shigar da matata da yara ɗakin matarsa, ya fito ya zauna a kan tabarma a bakin zaure da carbinsa a hannu har ƙura ta lafa, maƙwabcina ne Musulmi wanda bai taɓa yarda da ko ɗaya daga cikin hujjojina ba. Ba zan iya duban wannan mutum in ce masoyin duhu ne ba. Allah ne kaɗai ya san abin da yake yi a zuciyarsa.

Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne yadda ka raba mutane gida biyu, mu masu gaskiya da su masu ƙinta. Bulus ya yi maganar masu danne gaskiya da rashin adalcinsu a Romawa 1:18, amma da ya shiga sura ta 2 sai ya juyo kan mai karatu ya ce, kai mai ganin laifin wani ba ka da hanzari, domin kai ma kana yin waɗannan abubuwa. Dauda sarki ne mai zabura a baki, duk da haka ya karɓe matar Uriya ya sa aka kashe shi, ya zauna abinsa, sai da Annabi Natan ya zo masa da labarin 'yar tunkiyar matalauci, ya bar shi ya yanke hukunci da bakinsa, kafin ya ce masa kai ne mutumin. Ƙin gaskiya yana nan cikin ikilisiya: dattijon da ba a isa a tambaye shi lissafin baiko ba, mai wa'azin da yake tsallake ayar da ta shafe shi, masu gaba da juna shekara da shekaru suna cin jibin Ubangiji, abincin tunawa da mutuwar Almasihu, a teburi ɗaya. Maƙwabtanmu suna ganin wannan duka, garin ba shi da girman da za a ɓoye shi, suna kuma auna saƙonmu da shi.

Saboda haka cin muhawara ba shi ne kawo mutum ga gaskiya ba. Yesu ya ce a Yahaya 6:44 ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi, 1 Korintiyawa 2:14 kuma ta ce al'amuran Ruhun Allah ta Ruhu ake gane su. Namu shi ne abin da aka umarci Timoti a 2 Timoti 2:24-25, cewa bawan Ubangiji kada ya zama mai husuma, sai mai sauƙin hali ga kowa, mai haƙuri, yana gyara masu hamayya da tawali'u, ko Allah zai ba su tuba su san gaskiya. Bitrus ma ya ce mu kasance a shirye mu ba da dalilin begenmu ga mai tambaya, amma da ladabi da girmamawa. Ka lura, ga mai tambaya aka ce. Nikodimu, ɗaya daga cikin shugabannin Yahudawa, da dare ya fara zuwa wurin Yesu, don kada a gan shi. A Yahaya 7 ya iya buɗe baki sau ɗaya a majalisa ya ce shari'a ba ta hukunta mutum kafin a ji ta bakinsa, aka yi masa gatse. Sai a sura 19, bayan an gicciye Yesu almajirai sun watse, ya fito fili da kayan ƙanshi na mur da al'ul don jana'iza. Yesu bai kore shi a daren farko ba don bai yanke shawara nan take ba.

Shawarata ita ce ka ajiye muhawarar tukuna. Ka aika wa ƙanenka saƙo na gaisuwa zalla, ka tambayi lafiyar matarsa da jaririn, ka nemi afuwarsa in maganarka ta yi masa zafi, ba tare da ka janye abin da ka gaskata ba. Kuɗin maganin Inna da kake aikowa ka riƙa bi da su ta hannunsa kamar dā, domin ya san matsayinsa a wurinka bai ragu ba. In Salla ta zo ka kira shi ka yi masa barka. In wata rana ya yi tambaya, ka amsa abin da ya tambaya kawai, ka tsaya nan. Ni kuma zan leƙa shagonsa a makon nan in gaishe shi, daga nan in wuce in duba jikin Inna, duk abin da na gani zan sanar da kai.

Ka gaida maiɗakinka da yara da 'yan'uwa na can. Uwargidana tana gaishe ku ƙwarai, ta ce ku aiko da hoton autan. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Naka ɗan'uwa,
daga Damagaram