Rahoton Kwamitin Ginin Islamiyyar Unguwa

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da sauran jama'ar unguwa. Alhamdu lillahi, gini ya kammala: ajujuwa huɗu, ofishin malamai, banɗakunan maza da na mata, da katanga.

Mutane da yawa sun yi ta tambayarmu me ya sa aka tara kuɗi amma fili ya daɗe babu ko bulo ɗaya. Takardu muka tsaya bi. Dattijon da ya ba da filin waƙafi, Allah ya saka masa da alheri, abin da ke hannunsa takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Tana da amfaninta, amma ba ta wadatar ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, kuma a cikin birni shi ke ba da takardar shaidar mallaka. Don haka muka kawo safiyo ya auna, ya kafa duwatsun iyaka a kan idon maƙwabta, sannan muka buɗe fayil a ma'aikatar ƙasa da sunan amintattun makaranta. Da gangan muka ƙi sa sunan mutum ɗaya, gudun kada wata rana filin Allah ya faɗa cikin rabon gado.

A tsarin unguwa, fulotin na gidan zama ne, sai da muka nemi izinin mayar da shi makaranta kafin mu kai zanen gini hukumar KNUPDA mai kula da tsara birane a jihar Kano. Ajujuwa biyar muka zana tun farko, amma na gaba ya ci tazarar da ake bari tsakanin gini da titi, har ya hau kan magudanar ruwa. Muka ja baya, aji guda ya tafi. Ya yi mana zafi ƙwarai, ganin yawan yaran da ke jiran gurbi. Sai dai duk wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ba zai yarda a zuba sadakar jama'a a bangon da za a shafa wa jan fenti ba. Sararin da aka bari yanzu nan yara ke yin layi in an tashi, nesa da 'yan adaidaita sahu.

Da izini ya fito, aiki bai tsaya ba. Injiniya ya duba ramin harsashi da ɗaurin rodi kafin a zuba kankare, matasa kuma suka ɗauki nauyin ɗiban ruwa kyauta.

Lissafin kuɗi yana liƙe a allon masallaci. Takardun asali suna wajen ma'aji, kwafi yana ofishin makaranta. Muna roƙon kwamitin da zai gaje mu ya riƙa biyan harajin fili duk shekara, kada kuma a ɗora bene ko a fitar da shaguna a jikin katanga sai an koma an nemi sabon izini.