Takardar Koke Kan Mutuwar Dawaki a Filin Sukuwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, Jihar Filato.

Daga masu dawaki, mahaya, yaran barga da masoya sukuwa na cikin garin Jos da kewaye.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka da 'yan majalisarka, mun rubuto wannan takarda ne domin mu kawo kukanmu gabanka kan abin da ya hana mu sakat tun sukuwar da aka yi a ƙarshen ranin da ya wuce, wadda a cikinta dawaki biyu suka mutu a gaban idonmu a yini guda, na uku kuma ya cika a barga bayan kwana biyu. Daga cikinmu akwai waɗanda suka gaji doki kaka da kakanni, akwai kuma waɗanda ba su mallaki ko ƙuru ba, sai dai duk ranar da aka ce za a saki dawaki sukan rufe shago su tafi kallo, kuma dukkanmu mun bar filin nan a ranar jikinmu a sanyaye.

Na farko wani akawal ne, wato baƙin doki, ingarma ɗan shekara shida, wanda duk mai zuwa kallo ya san shi. Yana shan kwana ta ƙarshe ƙafarsa ta gaba ta faɗa wani rami da ruwan damina ya zaizaye aka rufe shi da ƙasa sama-sama, waɗanda ke tsaye a bakin igiya suka ji ƙarar ƙashin kamar an karya busasshen icce. Yaron da ke kansa ya tsira da karayar kafaɗa. Dokin kuwa ya yi kusan awa guda yana yunƙurin tashi da ƙafa uku, gumi na zuba, babu likitan dabbobi a wurin, babu allurar da za ta rage masa azaba, har sai da mai shi ya kawar da kai ya ce a kira mahauci. Yaron bargan da ya raine shi tun yana duƙushi shi ne ya kwance masa majanyi ya zare linzami, sannan ya zauna a ƙasa rungume da sirdin yana kuka, babu wanda ya iya ce masa ya yi shiru.

Na biyu kili ne, wato farin doki, da aka ɗauko daga nesa a bayan mota, ya iso cikin dare, gari na wayewa aka sa shi tsere har sau biyu cikin zafin rana, yana tsallake layi ya faɗi jini na fita ta hancinsa. Na uku shi ne ya fi ci mana rai, domin mako guda kafin ranar mutane da dama sun ga yana ɗingishi, amma ranar sukuwa sai ga shi yana taka ƙafar garau, kuma duk wanda ya san doki ya san abin da aka yi masa.

Mun ji masu cewa ajali ne, mu ma mun yi imani da ƙaddara, sai dai an umarce mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Dokin sukuwa yakan kai kilo 400 zuwa 500, kuma idan ya miƙe da gudu akwai lokacin da nauyin nan gaba ɗaya yake sauka a kan ƙafa guda, alhali ƙashin da ke ƙasa da gwiwarsa bai fi kaurin hannun mutum ba. Sau da yawa karaya tana farawa ne da ɗan tsagewa a ƙashi, ɗingishi kuma shi ne bakin da doki yake da shi na faɗin cewa akwai ciwo. Idan aka yi masa allurar kashe zafi domin ya shiga tsere, an rufe masa baki ke nan, sai ya taka ƙafar da ƙarfinsa duka har ta rabu biyu. Karayar doki kuma ba kamar ta mutum ba ce da za a ɗora ya kwanta wata biyu, domin doki ba ya jure doguwar kwanciya, idan kuma ya jingina nauyinsa a kan sauran ƙafafun, kofatansu sukan kumbura daga ciki su kashe shi. Ƙasar Jos kuwa kowa ya san ta, marmara ce da tsakuwa, da rani takan bushe ta yi tauri kamar daɓe.

Ranka ya daɗe, ba mu zo neman a hana sukuwa ba, kuma muna roƙon kada a fassara kukanmu haka. Doki gadonmu ne, kamar yadda yake gadon 'yan uwanmu Berom da sauran ƙabilun Filato da suka daɗe suna hawan ƙananan dawakinsu wajen farauta da bukukuwa, kuma filin sukuwa yana cikin wuraren da jama'ar garin nan suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa ba tare da wani ya tambayi wani inda yake ibada ba. Ya tabbata a hadisin Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tsere, ya ware wa dawakin da aka horar dogon zango, waɗanda ba a horar ba kuma ya ba su gajere. Mu kuwa a yau sai a jera duƙushin da ƙashinsa bai gama ƙwari ba tare da ingarma a zango ɗaya saboda kwaɗayin kyauta. Ba za mu ɓoye maka ba, wani kaso na laifin nan namu ne, domin mun ga waɗannan abubuwa shekara da shekaru muka yi shiru saboda kunyar juna, kuma kunyar nan ce ta sa muke buƙatar hukuma ta shigo, don abin da ƙani ba zai iya faɗa wa yayansa ba, doka za ta faɗa masa.

Ƙasashen da suka fi mu kayan aiki ma wannan masifa ta same su, amma ba su naɗe hannu ba. A Amurka, bayan dawaki 12 sun mutu a filin Churchill Downs cikin 'yan makonni a 2023, an dakatar da tsere a wurin aka mayar da shi wani fili domin a bincika. A Ingila an rage yawan dawakin da ke shiga tseren Grand National daga 40 zuwa 34 a 2024 saboda rage cunkoso da faɗuwa. Mu abin da muke nema bai kai nasu tsada ba, kuma masu ilimin suna nan a gefenmu, tunda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana aiki tun 1924, Jami'ar Jos kuma tana da tsangayar koyar da likitancin dabbobi.

Babban roƙonmu shi ne ƙaramar hukuma ta kafa sharaɗi cewa ba za a ba kowa izinin shirya sukuwa a yankinta ba sai da likitan dabbobi mai lasisi a fili daga farko har ƙarshe, wanda zai duba kowane doki da safe, ya sa a zagaya da shi a gabansa, ya taɓa ƙafafunsa, ya saurari ƙirjinsa, kuma a ba shi cikakken iko ya fitar da duk wanda bai gamsu da lafiyarsa ba, ko na wane ne, ba tare da wani mai kuɗi ko mai sarauta ya sa baki ba. Idan ba a ba shi wannan iko a rubuce ba, zuwansa ba zai yi amfani ba, domin mun san irin matsin da zai fuskanta. A tanadar masa kuma da abin da zai sauƙaƙa wa dokin da ya karye nan take, kada a sake maimaita awa gudan da akawal ya yi a ƙasa. Duk wanda aka kama ya yi wa doki allura ko ya ɗura masa ƙwaya domin tsere, a hana shi da dokinsa shiga fili na tsawon lokacin da hukuma ta ga ya dace.

Muna kuma roƙon a riƙa duba filin kwana biyu kafin ranar, a cike ramuka a daddale su, a tsince duwatsu, a yayyafa ruwa, a kuma matsar da tseren zuwa safiya ko bayan la'asar a watannin Maris da Afrilu. Dokin da aka kawo daga wani gari ya huta kafin a ɗora masa sirdi, kada kuma a sa doki ɗaya tsere fiye da sau ɗaya a yini. Ƙaimi mai kaifi da linzamin da ke tsaga baki har jini ya ɓata ƙirji, a hana su. Haka nan muna jan hankalinka ga matasan da ke kilisa a kan kwalta lokacin hawan angwanci, suna sukuwa tsakanin motoci da Keke Napep, abin da yake cinye kofato yana kuma jefa masu tafiya a ƙasa cikin haɗari. Duk dokin da ya mutu a fili, a rubuta shi, a kai gawarsa a bincika dalili, domin dawakin nan uku da muke kuka a kansu babu inda aka rubuta ko launinsu.

Mun san aljihun ƙaramar hukuma yana da masu jira da yawa, don haka mun amince a tsakaninmu a riƙa cire kuɗin likita da na gyaran fili daga kuɗin shiga tsere da muke biya, mu kuma za mu ba da matasan da za su yi aikin. Muna roƙon ka sa mana rana kafin hawan Sallah mai zuwa, ka haɗa mu da sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukuma, da masu unguwanni, da masu shirya sukuwa, a zauna a rubuta waɗannan sharuɗɗa kowa ya sa hannu. Yaron bargan da muka ambata ya ce zai zo zaman, ya faɗi abin da ya gani da bakinsa.

Allah ya taya ka riƙo, ya zaunar da Jos da Jihar Filato lafiya.

Mu ne naka,
Masu dawaki, mahaya, yaran barga da masoya sukuwa na Jos, waɗanda sunayensu da sa hannunsu ke haɗe da wannan takarda.